Manyan tayoyi a kan rim ɗin kamfani: yadda aikin Hilux ɗina ke tafiya

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yau aka sauke motar daga kan jak a garejin Masta da ke Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, can Suame. An gama ɗagin da aka yi mata don ƙara tsayi, milimita 50 gaba da baya, wato inci biyu. A gaba an sa sabbin sifirin na naɗi da dogayen shokazoba, a baya kuma an ƙara ganyen sifirin ɗaya kowane ɓangare. Motar Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, injin dizal 2.5, giyar hannu. Aikinta ɗauko masara daga ƙauyukan Ejura da Sekyedumase zuwa Kumasi. Bana kuwa, da fari ya taɓa gonakin arewa har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya waje a watan Agusta, wanda ya tsaya bakin kwalta yana jiran a kawo masa kaya zai daɗe yana jira. Dole sai an shiga ciki.

Can ciki taraktoci sun riga sun haƙe hanya layi biyu, tsakiya ta yi tudu. Abin da ke karo da tudun shi ne tulun aksul ɗin baya, kumburin nan da ke tsakanin tayoyi biyu. Ɗagin da aka yi bai taɓa shi ba ko da milimita ɗaya. Sifirin yana ɗaga bodi da shasi ne daga kan aksul, shi kuwa aksul yana zaune inda taya ta ajiye shi. In ana so ya tashi daga ƙasa, sai taya ta ƙara tsayi. Saboda haka yanzu aka fara ainihin aikin.

A halin yanzu dai motar na tsaye kan tsofaffin tayoyinta, ga fili hululu tsakanin taya da madigadi, sai ka ce ƙato ne ya sa takalmin yara. Ƙanena ya zagaya ta, ya ce, "Yaya, wannan filin 285 yake kira." Babbar taya mai faɗin milimita 285 yake nufi. Ban tanka masa ba.

Talata, 10 ga Satumba

Na zauna da biro bayan isha'i. Tayar da ke kai yanzu 265/65R17 ce. Faɗinta milimita 265, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato wajen milimita 172, sama da ƙasa, sai rim mai inci 17 wanda ya kama milimita 432. In an haɗa, tsayin taya daga ƙasa zuwa sama 776 ke nan.

Biyu nake dubawa. 265/70R17 tana ba da 803, faɗi bai canja ba. 285/70R17 tana ba da 831, da ƙarin faɗi na milimita 20. Amma rabin ƙarin tsayin ne kawai ke zuwa ƙarƙashin aksul, ɗayan rabin yana can sama cikin madigadi. Ta farko milimita 13 za ta ba ni, ta biyu 27. Duk wannan hidima da kashe kuɗi a kan abin da bai wuce kaurin yatsa ɗaya ko biyu ba. Wanda bai taɓa kwana a daji da buhunan masara a bayan mota ba zai ce hauka ne.

Ba na son sayen sabbin rim. Na kamfani na alminiyam ne, lafiyarsu ƙalau, ramin tsakiyarsu ya zauna daram a kan hob. Waɗanda ake rataye a shaguna masu ƙyalli, da yawansu babu wanda zai iya faɗa maka nauyin da aka ƙera su su ɗauka.

Asabar, 14 ga Satumba

Masta ya ce ba za a gwada wata taya ba sai an yi alaimen, wato daidaita tsayuwar ƙafafun mota. Hujjarsa ita ce, idan aka ɗaga gaban irin wannan mota, hannayen ƙafa na sama da na ƙasa, ƙarafan da ke riƙe ƙafa a jikin shasi, suna sunkuyawa, jinginar da sandar juya ƙafa ke yi zuwa baya ta ragu. Abin da mai tuƙi ke ji shi ne sitiyari ya yi sakwa-sakwa, ba ya son komawa tsakiya bayan kwana. Na ji hakan da kaina a hanyar Tafo.

A kowane hannun ƙasa akwai notuna biyu masu karkatattun wasa, da su ake tura ƙafa gaba ko baya, ciki ko waje. Uku sun kwance ba gardama. Na huɗu, na baya a ɓangaren direba, ya ci tsatsa ya manne da ƙarfen da ke cikin bushin. Aka zuba mai, aka buga, aka sa dogon bututu a kan sifana yara biyu suka rataya, sai robar bushin ɗin ce ke murɗawa tana dawowa. Daga ƙarshe zarto aka sa aka yanke shi, aka sayo sabon noti da bushin. Nan wunin ya tafi. Masta ya shafa wa sababbin giris kafin ya zura su, ya ce, "Alhaji, wanda zai kwance su bayana ya yi mini addu'a."

An tura ƙasan ƙafar gaba iya yadda notunan suka bari ba tare da taya ta kwanta gefe ba. Wannan yana dawo da nauyin sitiyari, yana kuma nisanta taya daga kujerar bodi, ƙarfen da gidan direba ke zaune a kai, da ke bayanta, wadda nake jin ita ce za ta ba mu aiki.

Tunda ana ƙarƙashin mota, ya nuna mini wani abu a baya. Akwai bawul ɗin birki da ke manne da shasi, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Da shi mota ke gane ko an yi mata lodi: in baya ya zauna, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Yanzu da aka ɗaga bayan, ko da kaya a ciki bawul ɗin zai ɗauka motar wayam take. Mai walda ya yi ɗan ƙarfe mai tsayin ɗagin, aka ɗaga mazaunin sandar a kan aksul. An duba tiyon birki ma da ƙafafu a sake, bai ɗame ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Ranar gwaji. Ƙanena ya aro tsohuwar 285/70R17 wurin wani abokinsa a Aboabo, balkanaiza ya ɗora ta kan rim ɗaya. Kafin a ɗora na juya rim ɗin na goge bayansa da tsumma. An buga masa 17x7½J, can gefe kuma 30. Faɗinsa inci bakwai da rabi ke nan, kuma fuskar da ke haɗuwa da hob ta fito milimita 30 waje daga tsakiyar rim, abin da ke sa taya ta shige cikin mota. Masu ƙera taya sun yarda a sa 285/70R17 a kan rim daga inci 7.5 zuwa 9. Namu yana bakin iyaka ta ƙasa. Da aka hura ta, gefunan sun kumbura sun yi ciki, fuskar da ke taka ƙasa ta ɗan yi doro.

Aka ɗaura ta a gaba ɓangaren direba, aka sauke jak. A tsaye kam ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Yaran gareji har da tafi. Ƙanena ya murɗa sitiyari hagu, ya murɗa dama, ba abin da ya taɓa. Ya ce, "Masta, ai shi ke nan."

Masta bai ce komai ba, ya sa aka sake ɗaga motar. Ya cire shokazoba da sifirin ɗin gaba ɗaya, ya mayar da taya, ya goga mata farin alli a kafaɗa da gefen ciki. Sannan ya sa ƙaramin jak a ƙarƙashin hannun ƙasa yana ɗaga ƙafar a hankali, har ta kai ga robar da ke tsayar da ita. Nan ne taya ke zuwa duk lokacin da mota ta faɗa rami da kaya. Robar nan tana inda kamfani ya sa ta tun farko, ɗagi bai matsar da ita ba. Dogon sifirin ya canja inda mota ke zama in tana tsaye ne kawai, amma iyakar inda ƙafa ke kaiwa sama tana nan yadda take. Tayar da za ta ci bodi kafin ɗagi, bayan ɗagi ma za ta ci, sai dai ramin da zai kai ta can ya fi zurfi.

Ya ce wa yaro ya murɗa sitiyari har ƙarshe, shi kuma ya juya tayar da hannu. Ba ta yi rabin zagaye ba ta tsaya cak. Alli ya fito fari tas a kan kusurwar kujerar bodi, ƙarfen da aka yi wa walda a jikin shasi wanda gidan direba ke zaune a kai. Ya fito a kan robar taɓo, ya fito a kan robar cikin madigadi ta gaba kusa da bamba. Da aka sauke ƙafar kuma na zura hannu ta baya, tsakanin gefen taya da hannun sama ƙaramin yatsana bai shiga ba. Wannan kuma taya ce da ta ci rabin ƙafarta, wato zanen da ke taka ƙasa. Sabuwa ta fi ta cika, kuma gefen taya yana lanƙwasa a kwana.

Ƙanena ya yi shiru, ya durƙusa ya sake leƙawa, wai ko allin ne ya yi yawa.

Talata, 24 ga Satumba

Shawara ta yi yawa a Magazin, kowa da tasa. Wani mai shago ya kawo mini faifan ƙarfe da ake sawa tsakanin hob da rim, mai kaurin milimita 25, ramuka shida daidai da na Hilux. Gaskiya ne zai janye taya daga hannun sama. Sai dai idan taya ta fito waje, da'irar da take zagawa in an murɗa sitiyari tana faɗaɗa, sai ta ƙara cin kujerar bodin da ta riga ta ci. Ga ƙarin wahala ga boris ɗin ƙafa, ga notuna goma sha biyu a kowace ƙafa maimakon shida, rabinsu a ɓoye inda ido ba ya gani. Taya kuma za ta leƙo waje tana watsa jar laka a jikin ƙofa.

Mai walda ya ce shi abin ba wuya, a yanke kusurwar kujerar bodin a liƙa faranti, ya sha yi. Na san ana yi, kuma a hannun gwani yana riƙewa. Ni dai ba na son a sa wa shasin motar da nake cin abinci da ita injin yanka saboda milimita 14 da 285 za ta ƙara mini a kan 265/70R17.

Akwai kuma inji. 285 ta fi ta kamfani tsayi da kashi 7 cikin ɗari, kamar an ƙara wa kowace giya tsayi ne da wannan adadin. Injin 2.5 da buhunan masara a baya ba shi da rarar da zai ba da. Kuloci ne zai biya.

Na tsaya a kan 265/70R17.

Asabar, 28 ga Satumba

Sayen taya. Cunkoson shataletalen Suame ya cinye safiyar, sai wajen sha ɗaya na isa.

An fara nuna mini hom-yus, waɗanda aka ciro daga motoci a Turai ko Amurka, a kusan rabin kuɗin sabuwa. Ƙafarsu da sauranta, an shafe su da baƙin mai suna sheƙi. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Ta farko da na duba 3117 ce, mako na 31 a 2017. Shekara bakwai. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, L.I. 2180, ta hana sa tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ta kuma ce zurfin ƙafa kada ya gaza milimita 1.6. Ko babu doka, roba tana bushewa tun daga ciki, kwaltar Mampong kuma da rana tsaka ba ta tausayin tsohuwar taya. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ai a sito take, ba ta sha rana ba." Na yi masa godiya.

Na sayi sababbi guda biyar, masu lamba 1824, irin ƙafar da ke tafiya kwalta da burji duka. Biyar ɗin ba almubazzaranci ba ne. In aka sa giyar ƙafa huɗu alhali taya ɗaya ta fi saura gajarta, ƙafafun ba sa juyawa daidai, giyoyin ciki ne ke shan murɗar. Safaya dole ta zo daidai da 'yan'uwanta.

Abin da na fi daɗewa a kansa shi ne haruffa biyu da ke gaban lambar: LT. Girman ɗaya ana yin sa iri biyu. Akwai ta ƙananan motoci mai laushin gefe, akwai LT ta motocin kaya mai kauri. Tsofaffina lambar nauyinsu 112, wato kilo 1,120 kowace taya. Waɗannan 121 ne, kilo 1,450. Kututturen da manoma ke bari a gefen hanyar gona ta gefe yake farka taya, can kuma faci ba ya kamawa. Na ɗaga ɗaya na ji nauyinta a ƙuguna, ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

An ɗora, an yi balansin, an sake gwajin alli irin na wancan karon. Hannun sama ba matsala, tunda faɗin bai canja ba. Kujerar bodi ta tsira, da ƙyar dai, yatsa yana wucewa. Wuri biyu alli ya fito: kusurwar ciki ta robar taɓo, da wani kumburi a robar cikin madigadi. Masta ya yanke kusurwar da wuƙa, kumburin kuma ya gasa shi da iska mai zafi ya danna da ƙotar guduma har ya huce a lotse. Ko awa ɗaya ba a yi ba.

Safaya ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, sarƙa ta ɗaga ta har sama, ba ta taɓa salansa ba. An sunkuyar da fitilun gaba kaɗan, don tun bayan ɗagin masu trotro, motocin haya na fasinja, ke ƙyafta mini wuta da dare.

Na auna daga ƙasa zuwa tulun aksul, ƙarin ya ɗan haura 13 ɗin da na lissafa, saboda tsofaffin sun riga sun cinye.

Asabar, 12 ga Oktoba

Iska. Lambar da ke liƙe a jikin ginshiƙin ƙofar direba ta tayar kamfani ce. LT tana son iska fiye da haka kafin ta ɗauki nauyi ɗaya, in an bar ta da ƙaranci kuma zafi take yi. A gefenta an rubuta 80 PSI, ma'aunin ƙarfin iska, amma wannan iyaka ce ta cikakken lodinta. Balkanaizan unguwarmu ya ga 80 ya ɗura 60, motar ta riƙa tsalle a kan kowane tsakuwa daga Asawase har gida, haƙorana na haɗuwa.

Na sayi gejina. Na ja layin alli a kan faɗin kowace taya, na tuƙa miƙe a fili mai santsi, na sauka na duba. In tsakiya ce kaɗai ta goge, iska ta yi yawa. In gefuna ne, ta yi kaɗan. A wajen 38 layin gaba ya goge baki ɗaya. Baya in babu kaya ta fi son ƙasa da haka, ranar lodi kuma zan ƙara mata.

Agogon gudu ma ya canja. Taya ta ƙaru da kashi 3.4 cikin ɗari, saboda haka kowane juyi yana cin ƙasa fiye da yadda mota ke ƙirgawa. Na gwada da taswirar waya a miƙaƙƙen wuri bayan Mamponteng. A da agogon yana ɗan ƙara wa gudu, kamar yadda na yawancin motoci ke yi. Yanzu shi da waya sun kusa zama baki ɗaya. Wato rangwamen nan da nake samu a da ya ƙare, in allura ta nuna 50 a cikin gari, 50 ɗin ce. Lissafin kilomita kuwa, duk 100 da zai nuna yanzu a da 103 da ɗoriya zai nuna, dole in riƙa tunawa da wannan wajen auna shan mai da lokacin juyen baƙin mai.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ejura da kaya. An yi ruwa daren jiya, hanyar gonar da na shiga bayan gari ta jiƙe sharkaf. A wuraren da na saba jin ƙarar tulu yana karta ƙasa, yau wuri ɗaya kawai ya taɓa, shi ma shafa ce. Ban ce ko'ina zan shiga ba. Akwai wani kwari da taraktoci suka lalata, na tsaya na duba, na aika a fito mini da buhunan a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Manomin da na saya wurinsa ya ga tayoyin ya ce, "Alhaji, yau kam sai ka ƙara buhu uku." Ban ƙara ko ɗaya ba. Tayar ce ta ƙara ƙarfi, aksul da birki da shasi na 2012 ne har yanzu, mota kuma ta ƙara tsayi, in an tula mata kaya a sama a kwana za a gane.

Nauyin tayoyin ya nuna kansa. Tashi daga tsaye da lodi sai na ɗan ƙara wuta, hawan da nake yi da giya huɗu yau ya nemi uku tun daga tsakiya. A gangaren Mampong zuwa Jamasi na sauko da giya uku, birki na kamawa sosai amma yana son a taka shi da wuri fiye da da. Bayan motar bai yi wutsiya ba, ina jin ƙarfen da aka yi wa bawul ɗin nan ya yi aikinsa. A kan kwalta akwai ɗan gurnani daga 70 zuwa sama, rediyo yana rufe shi.

Sau ɗaya na ji "ƙurrr" a dama, lokacin da nake ja da baya da sitiyari a murɗe har ƙarshe, ƙafar gaba ta hau tudun kwalbati.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na koma wurin Masta. Ƙarar ta Ejura wata ƙusar roba ce da ke riƙe robar cikin madigadi ta fita, robar ta saki tana lilo. An sa sabuwa. An bi notunan ƙafa duka da sifanar awo, an sake ɗaure ƙarafan da ke riƙe ganyen sifirin a kan aksul, don sabon ganye yana zama bayan ya ɗauki kaya. Gaban motar ya sauka milimita kaɗan, alaimen ya ɗan motsa, an mayar.

Robar shaf ɗin gaba ta ciki, ɓangaren direba, naɗe-naɗenta sun fara gogar juna, wurin ya yi sheƙi. Ɗagi ne ya ƙara wa shaf ɗin karkata. Ba ta fashe ba, giris bai fito ba. Masta ya ce a bar ta zuwa juyen mai na gaba, in ta tsage a canja biyun lokaci guda.

Shan mai ya ƙaru kaɗan, ko bayan na gyara lissafin kilomita, amma tanki biyu ba su isa a yanke hukunci ba, tunda rabin tafiyar cikin laka aka yi ta. Sai hunturu ya shigo hanya ta bushe zan sake aunawa. Tsofaffin tayoyin huɗu suna zaure, ƙanena ya ce ya samo mai saye a Sawaba, za su zo dubawa bayan sallar Juma'a.